Daga Barikin Chindit Zuwa Tafkin Chadi

Mu da muka tashi a Zabi ta Zariya, soja ba baƙonmu ba ne. Ga barikin Basawa ta wajen Samaru, ga barikin Chindit inda ake horar da kurata tun 1924, ga makarantar yaran soja da aka buɗe a 1954. Muna cin kasuwar Sabon Gari tare da matan bariki, 'ya'yanmu suna aji ɗaya da 'ya'yansu. Amma in ka tare matashi ka tambaye shi asalin rundunar da ta kafa waɗannan wurare, da wuya ya gaya maka cewa ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Runduna ce ta ƙasashe huɗu, kuma wannan shi ne abin da nake so a sani.

A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga aikin haɗa rundunar da za ta tare Faransawa a yankin Kwara, aka sa mata suna West African Frontier Force. Kafin nan akwai ƙananan ƙungiyoyi, kamar sojan Hausawa da Glover ya tara a Ikko a 1863. Zuwa 1900 an tattara su a inuwa ɗaya: rejiman ta Arewacin Nijeriya da ta Kudu, waɗanda aka haɗe a 1914, sai rejiman ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da bataliyar Saliyo, da kamfani guda na Gambiya. Kowane yanki da gwamnansa da baitulmalinsa, amma kaki ɗaya, horo ɗaya, tambari ɗaya na bishiyar kwakwa. Hafsoshi duk Turawa ne. Baƙin mutum iyakarsa kofur, saje, in ya yi nisa samanja. Sai a 1942 aka sami Seth Anthony na Gwalkwas ya zama hafsa. Da Hausa ake magana a barikin Nijeriya, har Baturen hafsa sai ya zauna jarrabawarta.

Ba zan yi wa wannan runduna kwalliya ba. Aikinta na farko cin ƙasarmu ne. Daga nan Zariya Kanar Molan ya tashi da ita a ƙarshen Janairun 1903, ya fasa Bebeji, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. A watan Maris aka ci Sakkwato, a Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. A 1906 aka shafe Satiru. Da yawan waɗanda suka ɗana kunamar bindiga a waɗannan wurare Hausawa ne, wasu bayi ne da suka gudo, wasu talauci ya kai su. Duk wanda zai yi alfahari da jaruntar da ta nuna daga baya a yaƙin Bama, to ya haɗa da wannan, domin runduna ɗaya ce.

Yaƙin duniya na farko ya kai su Kamaru da Gabashin Afirka, amma Yaƙin Hitila ne ya buɗe rundunar sosai. A 1940 aka kafa hedikwatar Afirka ta Yamma a Achimota kusa da Ankara, ƙarƙashin Janar Giffard. Sojan Nijeriya da na Gwalkwas suka taimaka wajen korar Italiyawa daga Somaliya da Habasha a 1941. A 1943 aka haɗa manyan runduna biyu, ta 81 mai tambarin gizo-gizo da ta 82 mai māsu biyu a kan gammo, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dajin Bama. Gammon nan ba ado ba ne. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, saboda haka kowace birged tana tafe da dubban 'yan ɗaukar kaya, su ne ke ɗora harsashi da sassan igwa a ka, jirgin sama kuma yana jefo abinci da laima. Abin da ya sa Turawa suka so sojan Afirka ta Yamma ke nan: suna shiga inda mota ba ta shiga.

Birged ta 3, mai bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, an cire ta daga runduna ta 81 aka ba Janar Wingate. Su ne suka zama wani ɓangare na Chindit, dakarun da aka sauke ta sama a bayan sansanin Japanawa a 1944, tare da Ingilishi da Gurka na Nepal, jiragen Amurka na yi musu jigila. Wannan ne sunan da barikinmu ke ɗauke da shi. Haka barikin Dodan da Arakan da Myohaung a Ikko, duk wuraren da aka gwabza ne a Bama.

Ina yaro akwai wani tsoho ɗan mazan jiya da ke gadi a wani shago a Sabon Gari, abokin kakana. Muna ce masa Baba Saje. Ba ya son maganar harbi. Abin da yake yawan faɗa shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku a cikin takalmi, da wani abokinsa mutumin Kumasi da suka raba bargo ɗaya, suna hira da Hausa. Ya rasu bai mallaki ɗakin kansa ba. Irinsa suna da yawa a garin nan, kuma ban ga an rubuta sunayensu a jikin wani bango ba.

Da 'yanci ya gabato sai rundunar ta soma warwarewa. Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya shiga soja a 1954, kuma a Teshie ta Gwalkwas ya fara horon hafsa kafin Sandhurst, domin makarantar ta ƙasashen huɗu ce. A 1957 Ghana ta janye nata, a 1960 aka rufe littafin.

Shekara talatin bayan haka, a Agustan 1990, da aka tura rundunar ECOMOG Laberiya, ƙasashe biyar suka ba da soja: Nijeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya da Gini. Huɗu daga ciki su ne tsofaffin abokan nan. Janar Arnold Quainoo na Ghana ya fara jagoranci, Janar Joshua Dogonyaro ya karɓa. A ganina ba dace ba ne kawai, sun gaji tsarin muƙami da fareti iri ɗaya.

Wadda ta fi shafarmu yau ita ce rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Nijeriya ta fara ta a 1994, Nijar da Chadi suka shigo a 1998. Bayan Boko Haram ta afka wa hedikwatarta a Baga a Janairun 2015, aka sake mata fasali, aka mai da hedikwata Njamena, kwamanda ɗan Nijeriya, aka raba aiki shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Nijeriya, Diffa a Nijar. Ta kwato garuruwa, ba a musu. Rauninta shi ne kowace shiyya sojan ƙasarta ne, kunnensu yana wajen gwamnatinsu kafin kwamanda, alhali ɗan ta'adda ba ya tsayawa a kan iyaka. A Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da ficewarta.

Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Bature ya haɗa kakanninmu daga Gambiya zuwa Borno don biyan bukatarsa, suka mutu a dajin da ba nasu ba. Yau tsaron Diffa da Baga bukatarmu ce, jama'ar ɗaya ce, harshen ma kusan ɗaya. Shugabannin Abuja da Yamai su zauna su sasanta, su mai da shiyya ta huɗu bakin aikinta.