Fatar Yaro Amana Ce: Tsaga, Jarfa da Zanen Tatu a Zangon Dapaong

Dapaong, babban birnin yankin Savanes na ƙasar Togo, yana kan babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango ta nufi Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso. Garin 'yan Moba ne da Gurmawa, ga Mosawa da Fulani da Hausawan zango. Duk abin da ya shigo Lome ko Wagadugu ba ya daɗewa bai iso nan ba, kuma wayar hannu ta ƙara gajarta tafiyar. Yaron da ke kallon ƙwallon Turai kullum yana ganin hannun 'yan wasa a lulluɓe da zane har wuya, haka ma mawaƙan Legas da Abijan da yake saurare. Ba abin mamaki ba ne ɗan shekara 15 ya tunkari mahaifinsa, ko ya bi ta wajen mahaifiyarsa, yana neman a bar shi ya zana suna ko hoto a dantse. Matsayina a wannan maƙala shi ne kada iyaye su yarda har sai yaron ya kai shekara 18. Amma dalilin da akasarinmu muke bayarwa, wato cewa zanen jiki baƙon abu ne da Turawa suka kawo, dalili ne mai rauni, kuma yaranmu sun san da rauninsa.

Sun sani domin suna ganin fuskokin kakanninsu. Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suna yada zango a Sansanin Mango da unguwar Didawure ta Sokode, da asalinsu a rubuce a fuska suka zo. Bagobiri ana gane shi da jerin tsagar da ta taso daga gefen baki ta nufi kunne. Bakabe da Bazamfare da Bakatsine kowa da tasa, ban da bille da 'yar baka da kalangu da ake yi don ado ko don gadon gida. A shekarar 1911 wani jami'in mulkin mallaka mai suna A. J. N. Tremearne ya wallafa nazari a kan irin waɗannan alamomi na Najeriya, saboda yawansu da yadda ake karanta mutum da su. A zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi tsaga tana da aiki na gaske: da ita ake gane ɗan da aka sace bayan shekaru, da ita baƙo ke samun masauki wajen danginsa a garin da bai taɓa zuwa ba.

Yadda ake yin ta ma ya kamata a tuna. Ranar suna, bayan an raɗa wa jariri suna an yanka rago, wanzami yakan zauna a kan tabarma ya buɗe zabira. Ya aske gashin jariri, wani lokaci ya cire masa belu, sannan wata dattijuwa ta riƙe kan yaron a cinyarta, shi kuma ya ja aska a kunci gwargwadon adadin gidan. Sai a goga baƙin tukunya ko garin gawayi a kan yankan domin ya fito sosai idan ya warke. Ɗan kwana bakwai ake yi wa wannan. 'Yan mata kuma idan sun fara tasawa sukan je da ƙafarsu a yi musu jarfa a fuska ko wuya ko hannu, ƙananan yanka a jere da ake cusa wa baƙi. Jarfa ba ta da wani bambanci na asali da abin da injin tatu ke yi a yau: a huda fata, a shigar da launi, ya zauna har kabari.

Saboda haka uban da ke da tsaga bakwai a kunci ba zai iya ce wa ɗansa zanen jiki ba ɗabi'armu ba ce. Abin da zai iya faɗa masa, wanda ya fi ƙarfi, shi ne labarin yadda tsagar ta ja da baya. Ba doka ce ta fara kashe ta a zango ba. Waɗanda aka yi wa ita ne suka girma, suka shiga makarantar boko da aikin gwamnati da fatauci a garuruwan da ba a san ma'anarta ba, suka ga tana jawo musu tambaya da tsokana, wani lokaci har da wariya, sai suka ƙi kai 'ya'yansu gaban aska. A ganina wannan ita ce hujja mafi nauyi da tarihinmu ya bar mana a kan batun. An gwada yi wa yara alamar dindindin da yardar iyaye na tsawon ƙarnuka, da kyakkyawar niyya, kuma da yaran suka samu bakin magana da yawansu sun zaɓi a daina. Alamar da ta kare mutum a wani zamani tana iya tona shi a wani. A yankin Savanes, wanda aka sanya wa dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022, inda zargi kan faɗa wa mutum saboda ƙabilarsa kawai, ba sai an yi dogon bayanin wannan ba.

Ta fuskar lafiya, allurar injin tana ratsa fatar sama, wadda ke saɓulewa tana sabuntawa, ta ajiye tawada a fatar ƙasa inda jini da jijiyoyi suke. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna haɗiye tawadar amma ba sa iya narkar da ita, shi ya sa zanen ba ya gogewa. Duk inda allura ta taɓa jini kuwa, ƙofar cuta ta buɗe. Wadda ta fi damun yankinmu ita ce ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Ƙwayar cutar tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai, wato allura ko askar da aka yi aiki da ita ranar kasuwar da ta wuce tana iya harbin wani a wannan makon. Kuma shekaru suna da tasiri ƙwarai: jaririn da ya kamu, kusan kashi 95 cikin 100 cutar takan zauna masa har girma, alhali a babban mutum abin bai kai kashi 5 ba. Wannan lissafi ya fi hukunta askar ranar suna fiye da injin saurayi, kuma ya kamata mu karɓi hukuncin. Ga kuma tabo mai kumbura da ke girma ya wuce wurin rauni, wanda ya fi yawa a baƙar fata, musamman a ƙirji da kafaɗa da kunne, wuraren da samari suka fi son a zana. Cire zane da hasken leza yana buƙatar zama sau da yawa da kuɗi masu yawa, yana iya barin fari ko duhu a fatar, kuma Lome, inda za a je neman hakan, tana nesa da Dapaong da fiye da kilomita 600.

Duk da haka ba na so hujjar ta tsaya a kan tsabta kaɗai, domin tsabta abu ne da ake iya gyarawa. Idan gobe aka buɗe shago mai sabuwar allura ga kowane mutum, da safar hannu, da tawadar da ta cika ƙa'idar da Tarayyar Turai ta gindaya a Janairun 2022, tambayar tana nan: shin sa hannun uba ya isa?

Ƙasashe sun rabu a kan wannan. Birtaniya ta yi doka a 1969 da ta haramta yi wa wanda bai kai 18 ba zanen tatu, ko da iyayensa sun yarda, sai dai idan likita ne ya yi don dalilin magani. Faransa, wadda dokokinta ke da tasiri a tunanin masu ilmin boko a Togo, ta bi wata hanyar a dokar Fabrairun 2008: ana iya yi wa ƙaramin yaro idan akwai rubutacciyar yardar mahaifi ko mai riƙo, kuma mai shagon ya ajiye takardar shekara uku. Najeriya a sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta haɗa tatu da tsaga wuri guda ta hana, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun. Hukuncin ƙarami ne, amma haɗa abubuwan biyu da aka yi daidai ne. A Togo, Kundin Dokar Yara na 6 ga Yulin 2007 ya ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yaro ta 1990, a sashenta na 21, ta ɗora wa ƙasashe nauyin kawar da al'adun da ke cutar da lafiyar yaro da mutuncinsa.

Hanyar Faransa ce nake ganin ba ta dace ba, kuma dalilin yana cikin abin da muka riga muka sani game da matsayin uba. Uba waliyyi ne, mai riƙon amana. Malaman fiƙihu sun yi bayani mai tsawo a kan dukiyar yaro: waliyyi yana iya kashe ta a kan abincinsa da tufafinsa da maganinsa, amma ba shi da ikon yin kyauta da ita ko da yaron ne ya roƙa yana kuka, domin dole ya miƙa ta idan yaron ya yi hankali. Idan haka ne hukuncin gona da shanu, jikin yaron ya fi cancanta. Uba yana sa hannu a yi wa ɗansa tiyata saboda jinkiri zai cutar. Zanen ado kuwa jinkirinsa ba ya cutar da kowa. Wanda ya so shi yana ɗan 15 zai same shi yana ɗan 18 idan son bai gushe ba, wanda kuma aka yi masa yana ɗan 15 ba shi da hanyar komawa baya idan ya kai 25 yana neman aure, ko yana karanta sharuɗɗan shiga soja irin na Najeriya da ke ƙin mai zane a jiki.

Ga Musulmi akwai ƙarin magana. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci mai yin jarfa da mai neman a yi mata, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Sokode da Mango kamar yadda ake yi a Zariya, ta ambaci hanin. Abin da ya shafi batunmu kai tsaye shi ne bayanin Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim, cewa idan aka yi wa yarinya tana ƙarama zunubin yana kan wadda ta yi, yarinyar ba ta da laifi domin ba a ɗora mata hukunci ba tukuna. Wato nauyin yana komawa kan babban da ya yi ko ya ba da izini. Sai dai zangon Dapaong yana zaune ne cikin maƙwabta Kiristoci da masu addinin gargajiya, yaranmu suna aji ɗaya da nasu, don haka hujjar amana tana da amfanin da kowa zai iya karɓarta.

Akwai ƙalubale masu nauyi. Za a ce to kaciya fa, da hujin kunne? Kaciyar namiji tana da umarnin addini da amfanin lafiya da aka tabbatar, hujin kunne kuma yakan toshe idan an bar shi, ba ya ɗauke da wani saƙo da mai shi zai ji kunyarsa daga baya. Kaciyar mata, wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, Togo ta haramta ta tun 1998. Za a kuma ce shekara 18 lissafin takarda ne, alhali ɗan 16 a Dapaong yana iya zama mai tuƙa babur ɗin haya yana ciyar da ƙannensa, kuma a shari'a ya balaga. Gaskiya ne, kuma irin wannan yaro ya cancanci a zauna da shi a yi magana ta manya. Amma fiƙihu da kansa ya bambanta balaga da rushdu, wato cikar hankalin sarrafa al'amura, kuma neman kuɗi da wuri ba ya nuna mutum ya san abin da zai so bayan shekara 20.

Ƙalubalen da ya fi damuna shi ne na uku: idan an hana, yaron zai je a ɓoye, abokinsa ya yi masa da allurar ɗinki da tawadar biro a bayan makaranta, wanda ya fi kowace hanya haɗari. Wannan yana faruwa, kuma tsawa ba ta maganinsa. Maganinsa shi ne hani mai wa'adi da dalili. Yaron da aka ce masa ya jira shekara uku, aka nuna masa dalilin, aka tambaye shi me yake so ya zana da abin da ya sa, ya fi saurin haƙura a kan wanda aka kira ɗan iska. Sau da yawa abin da yake so ya rubuta sunan mahaifiyarsa ne ko na wani da ya rasu, kuma wannan buƙata ce da ta cancanci a saurare ta. 'Yan mata suna da lalle, wanda ke ba da ado ya goge cikin makonni. A nan ma sai an kula, domin baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana ɗauke da sinadarin da ke iya ƙona fata ya bar tabo daidai da siffar zanen, ya kuma bar wa yarinya borin jini da rini har abada. Jan lalle na ganye shi ne mai aminci.

Idan kuma aikin gama ya gama, yaro ya dawo gida da zane, abin da ya kamata shi ne a kai shi asibiti a gwada jininsa, a yi masa rigakafin ciwon hanta idan bai samu ba. Kada a goge wurin da ruwan batir ko a ɗora masa ƙarfe mai zafi, kamar yadda wasu ke yi cikin fushi. Malaman Malikiyya irin su Nafrawi, mai sharhin Risala, sun ce ba a tilasta wa mai jarfa ya cire ta da wuta, kuma sallarsa ta inganta. Sarakunan zango da limamai da sarakunan aska na Dapaong da Sokode su ne ke da bakin da za a ji a kan wannan, kuma zai fi kyau su fara da askar ranar suna, domin ita ce ke hannunsu.