An bar jaki ana dukan taiki: magoya bayan Arsenal da shekarun Wenger na ƙarshe

Duk shekara, daga watan Maris zuwa Mayu, gidajen kallon ƙwallo na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sukan cika da gardama iri guda. Kakar wasa ta zo ƙarshe, an fara gane wanda zai ɗauki kofi da wanda zai fita hannu rabbana, sai kowa ya shiga neman wanda zai ɗora wa laifi. Mafi yawan lokaci koci ake kamawa, saboda shi ne kyamara ke nunawa a bakin fili. Ƴaƴanmu suna sauraren wannan gardama a fada, suna kuma kawo ta lakol da safe. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin wani koci guda, Arsène Wenger na Arsenal, mu ga yadda magoya baya suka yi da shi da kuma abin da ya biyo baya.

Wenger Bafaranshe ne. Ya zo Arsenal a watan Oktoba na 1996 daga wata ƙungiyar Japan mai suna Nagoya Grampus, lokacin da kaɗan ne a Ingila suka san shi. Bai cika shekara biyu ba ya haɗa kofin Firimiya da kofin FA a 1998, ya sake haɗa su a 2002. A watan Janairu na 1999 ya ɗauko Nwankwo Kanu daga Inter Milan, kuma da yawa daga cikin tsarata ta wannan ƙofa suka fara son Arsenal, musamman bayan ƙwallaye uku da Kanu ya zura wa Chelsea a cikin minti goma sha biyar na ƙarshe a Oktoban shekarar. A kakar 2003/04 ƙungiyar ta buga wasa 38 na Firimiya ba a doke ta ko sau ɗaya ba: ta ci 26, ta yi canjaras 12. A 2005 ta ƙara kofin FA. A 2006 ta kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a birnin Paris, Barcelona ta doke ta da ci 2 da 1.

A wannan shekara ta 2006 ne Arsenal ta bar tsohon filinta na Highbury, mai ɗaukar mutum dubu 38, ta koma sabon filin Emirates mai ɗaukar dubu 60. Ginin ya ci kusan fam miliyan 390, kuma da bashi aka yi mafi yawansa. Ana cikin biyan wannan bashi sai kasuwar ƴan wasa ta sauya. Attajirin Rasha Roman Abramovich ya riga ya sayi Chelsea tun 2003, masu kuɗin Abu Dhabi suka sayi Manchester City a 2008. Arsenal ta koma mai renon yara tana sayarwa. Thierry Henry ya tafi Barcelona a 2007, Adebayor da Kolo Touré suka tafi City a 2009, Fàbregas da Nasri suka tafi a 2011, Van Persie ya tafi Manchester United a 2012. Duk da haka Wenger bai taɓa sauka ƙasa da mataki na huɗu ba har kaka ashirin a jere, kuma kuɗin Gasar Zakarun da wannan mataki ke kawowa suna cikin abin da ya riƙe ƙungiyar a shekarun bashi.

Abin da ya fi cin ran magoya baya shi ne yadda kakar ke lalacewa a daidai lokacin da suka fara sa rai. A watan Fabrairu na 2008 Arsenal na kan gaba da maki biyar. Ta je Birmingham, aka karya wa Eduardo ƙafa, aka tashi 2 da 2, daga nan ta yi ta zubar da maki har ta ƙare ta uku. A 2011 Birmingham ɗin ce ta doke ta a wasan ƙarshe na kofin League, sauran kakar kuma ta bi ruwa. A kakar 2013/14 ta daɗe a saman teburi, sai Liverpool ta zura mata 5 da 1 a Fabrairu, Chelsea ta zura mata 6 da nema ranar 22 ga Maris, a wasa na dubu da Wenger ya jagoranta. Daga 2005 zuwa 2014, shekara tara ke nan, ba kofi ko ɗaya.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma fushin mai kallo ya samu sabuwar hanya. A 2012 aka buɗe wata tasha a YouTube mai suna ArsenalFanTV, wadda ke tare magoya baya a ƙofar fili da an tashi wasa, tun rai bai huce ba. Ba da daɗewa ba aka lura cewa bidiyon da aka fi kallo su ne na ranar da aka sha kaye, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi ya fi yin suna. Magoya bayan wasu ƙungiyoyi ma suka riƙa kallo don dariya. Magoya bayan Arsenal suka rabu gida biyu, masu cewa Wenger ya tafi da masu cewa ya zauna, har takan kai ga dambe a tsakaninsu a wurin zama. A watan Disamba na 2014, bayan an doke su 3 da 2 a Stoke, wasu suka tare shi a tashar jirgin ƙasa suna yi masa ihu da zagi, wata bakwai kacal bayan ya ɗauki kofin FA.

Gaskiya ta sa a faɗi cewa masu fushin suna da hujja. Tikitin Arsenal yana cikin mafi tsada a Ingila, kuma wanda ya biya yana da bakin magana. Daga 2013 nauyin bashi ya ragu, an sayi Mesut Özil, an sayi Alexis Sánchez a 2014, saboda haka uzurin talauci ya fara rauni. A bazarar 2015 mai tsaron gida Petr Čech kaɗai Wenger ya saya wa babbar ƙungiya. A kakar da ta biyo baya manyan ƙungiyoyi duk suka yi tuntuɓe, Arsenal ta doke Leicester ranar 14 ga Fabrairu 2016 har tazarar da ke tsakaninsu ta koma maki biyu, sannan ta faɗi a hannun Manchester United da Swansea a jere. Leicester ta ɗauki kofin da tazarar maki goma. Wannan laifi na koci ne, ba wanda zai ɗauke masa shi. A ƙarshen Afrilu na 2016, a wasan Norwich, wasu suka ɗaga kwalaye suna neman sauyi, wasu suka mayar musu da waƙar yabon Wenger.

Shekarar 2017 ta fi kowace zafi. Bayern Munich ta ci Arsenal 5 da 1 a Jamus, ta sake cin ta 5 da 1 a Landan. Ranar 18 ga Maris, ana wasa a gidan West Brom, ƙaramin jirgin sama ya ratsa saman fili yana jan ƙyalle mai neman kada a sabunta wa Wenger kwantaragi. Jim kaɗan wani jirgin ya biyo da ƙyallen goyon bayansa. Aka doke Arsenal 3 da 1. Ƙungiyar ta ƙare ta biyar da maki 75, maki ɗaya ya raba ta da Liverpool, ta rasa gurbin Gasar Zakarun Turai bayan kaka goma sha tara tana shiga. Ranar 27 ga Mayu Wenger ya doke Chelsea ya ɗauki kofin FA na bakwai, abin da wani koci bai taɓa yi ba, aka ba shi sabon kwantaragin shekara biyu. Bai kai ƙarshensa ba. A kakar 2017/18 mutane suka daina ihu suka koma ƙin zuwa, kujeru suka riƙa zama fayau a Emirates. Ranar 20 ga Afrilu 2018 ya sanar da cewa zai tafi. Ranar 6 ga Mayu, a wasansa na ƙarshe a gida, aka ci Burnley 5 da nema, filin ya cika maƙil, ana ta rera sunansa.

A duk tsawon wannan rikici akwai mutumin da ba a cika ganin fuskarsa ba. Stan Kroenke, attajirin Amurka mai ƙungiyoyin wasanni da dama a ƙasarsa, ya mallaki mafi yawan hannun jarin Arsenal tun 2011, ya sayi sauran a 2018. Ba ya yawan zuwa fili, ba ya yawan magana, har aka yi masa laƙabi da mai shiru. Shi da hukumar ƙungiya ne ke da ikon yanke nawa za a kashe, nawa za a sayar da tikiti, da ko koci zai zauna ko zai tafi. Akwai masu sukarsa tun da wuri, amma jirgin sama da kwalaye da bidiyo mafi yawansu Wenger suka nufa, saboda shi ne ke fitowa gaban ƴan jarida kafin kowane wasa da bayansa yana amsa tambayoyi, har da waɗanda ba nasa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Tafiyarsa ba ta kawo abin da aka zata ba. Unai Emery ya gaje shi, aka kore shi a Nuwamba 2019. Mikel Arteta ya zo a Disamba, ya ci kofin FA a 2020, amma ƙungiyar ta ƙare ta takwas a 2020, ta sake ƙarewa ta takwas a 2021, matakin da ba ta taɓa sauka ba a zamanin Wenger. Sai ga daren 18 ga Afrilu 2021. Ƙungiyoyi goma sha biyu na Turai, shida daga Ingila har da Arsenal, suka sanar da wata sabuwar gasa mai suna Super League, inda waɗanda suka kafa ta za su samu gurbi na dindindin, ko sun yi ƙoƙari ko ba su yi ba. Ba a shawarci magoya baya ba, kocina da ƴan wasa da yawa ma a labarai suka ji. Lokacin ana buga wasanni ba ƴan kallo saboda cutar korona, amma mutane suka fito titi. Magoya bayan Chelsea suka taru a ƙofar filinsu ranar 20 ga wata, kafin gari ya waye ƙungiyoyin Ingila shida duk sun janye, Arsenal ta fitar da wasiƙar neman afuwa. Ranar 23 ga wata dubban mutane suka kewaye Emirates suna neman Kroenke ya tafi. Ranar 2 ga Mayu magoya bayan Manchester United suka kutsa cikin Old Trafford don nuna adawa da iyalan Glazer, har aka ɗage wasansu da Liverpool.

Idan aka auna fushin biyu, bambancin a fili yake. Na farko ya ɗauki shekaru, ya raba magoya baya gida biyu, ya zubar da mutuncin dattijon da ya yi musu hidima shekara ashirin da biyu, kuma bayan ya tafi ƙungiyar ta ƙara yin ƙasa kafin ta farfaɗo. Na biyu ya haɗa kan masu gaba da juna, ya nufi waɗanda suka yanke shawarar, ya faɗi abu guda da yake so, ya kuma same shi cikin kwana biyu. Kroenke bai sayar da ƙungiyar ba, amma a bazarar 2021 Arsenal ta fi kowace ƙungiyar Firimiya kashe kuɗi wajen sayen ƴan wasa. Gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin ƴar majalisa Tracey Crouch, wanda ya ba da shawarar a kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan masu ƙungiyoyi. A kakar 2022/23 Arsenal ta sake zama a saman teburi wata da watanni, ta sake zubar da maki a Afrilu, Manchester City ta wuce ta. Wannan karon aka yi haƙuri da koci. A watan Yuli na 2023 aka kafa mutum-mutumin Wenger a wajen filin da bashinsa ya ci masa shekaru mafi kyau.

Mu malamai mun san irin wannan wata. Da sakamakon BEPC ko na bak ya fito, uba zai zo ransa a ɓace, kuma mushen da ya gani a ƙofar aji shi zai fara kamawa. Wani lokaci yana da gaskiya, don akwai malamin da ba ya zuwa aji, kamar yadda akwai kocin da ya ƙi sayen ɗan wasa alhali kuɗi na nan. Amma kafin a yanke hukunci, yana da kyau a tambaya: yara nawa ne a ajin, littafi nawa suka raba, wata nawa aka yi ana karatu a shekarar, kuma wa ke da ikon gyara kowanne daga cikin waɗannan? Wurin yin waɗannan tambayoyi shi ne taron iyaye da na kwamitin kula da makaranta, tun farkon shekara, lokacin da amsa za ta iya yin amfani.

Ga iyaye kuma ina da roƙo guda. Idan ɗanka ya dawo daga gidan kallo yana zagin koci da kalmomin da ya ji a waya, kada ka tsaya a tsawa kawai. Zauna da shi ka tambaye shi wa ya mallaki ƙungiyar, wa ya sayar da ɗan wasan da yake kewa, nawa aka ba kocin ya kashe. Idan bai sani ba, ku bincika tare. Yaron da ya saba tambayar wa ke da alhakin abu kafin ya buɗe baki zai yi amfani da wannan a aji, a kasuwa, da ranar zaɓe.