Yadda Damuwar Nas Ta Zama Maki

Tun 1948, da Sidney Farber ya nuna a Boston cewa magani na iya danne sankarar jini a jikin yara, aka yi maganin wata matsala aka haifi wata. Maganin da ke kashe ƙwayoyin daji shi ne kuma ke karya garkuwar jiki. Yaro na wasa da hantsi, zazzaɓi ya taso da azahar, kafin dare ƙwayoyin cuta sun mamaye jininsa. Ga yara da ɓoye ciwo: zuciya ta yi ta ƙara gudu, awon hawan jini na nuna lafiya lau, sai ƙarfi ya ƙare komai ya rufta lokaci guda.

Idan muka koma ɗakunan jinya na wancan zamani, za mu tarar ana awo kuma ana rubutawa. Mai fassara awon ne babu. Nas za ta ce "yaron nan bai yi mini ba", likita ya ce yana tafe idan ya gama zagaye.

A 1997 wasu likitoci a Ingila suka kawo dabarar bai wa kowane awo maki, a tara, idan jimilla ta kai wani mataki a kira agaji. Manya aka yi wa ita, kuma ba ta zauna wa yara ba, domin bugun zuciyar da yake daidai ga jariri abin tashin hankali ne ga ɗan shekara goma sha biyar. Sai a 2005 wani ma'aikacin jinya a Brighton, Alan Monaghan, ya fitar da ta yara. Abu uku ya sa a duba, kowanne da maki daga sifili zuwa 3: yanayin yaron, ko yana wasa ko ya yi laushi, zuciya da launin fata, sai numfashi. Ba mamaki da ta fito daga hannun nas, su ne ke kwana a bakin gado.

Asibitin yara na Boston ya ƙara abin da, a ganina, ya fi komai daraja: maki ɗaya idan nas ta damu, ɗaya kuma idan iyaye sun damu. Maganar uwa cewa ɗanta ya canza ta shiga lissafi ke nan.

Wannan tsari aka mayar Sifaniyanci a 2014 a asibitin cutar daji na yara na ƙasar Gwatamala, aka raɗa masa EVAT. Maki 0 zuwa 2 kore, 3 zuwa 4 rawaya, 5 zuwa sama ja, kuma ja na nufin likita ya zo yanzu, a tuntuɓi sashen kulawa ta musamman. A 2017 asibitin St. Jude na Amurka, da jagorancin Dakta Asya Agulnik, ya fara yaɗa shi a Latin Amurka.

Tafiyar ba ta rasa cikas ba. A 2018 babban gwajin wani tsari makamancin wannan da masanan Toronto suka jagoranta a asibitoci 21 bai ga raguwar mace-mace ba. Amma waɗancan asibitoci ne na ƙasashe masu hali, inda mutuwar yaro a gado ta riga ta yi ƙaranci. A 2023 mujallar Lancet Oncology ta buga sakamakon asibitoci 32 a ƙasashe 11 na Latin Amurka: mutuwa sanadin taɓarɓarewar jiki ta ragu da kashi 18 cikin ɗari. Kwatancen kafin da bayan shigowar tsarin ne, don haka hujjar ba ta kai ta Toronto ƙarfi ba. Duk da haka ta samu ne a asibitocin da gadajen kulawa ta musamman ba su wadata ba, kuma ba a ɗaukar asibiti ya fara aiki da tsarin sai an bi takardun nas-nas an ga kurakuran lissafi sun sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari.