Daga Daji zuwa Rumbu: Tarihin Sankarar Hanta a Ƙasar Madarunfa

Manufar wannan ƴar takarda ita ce nuna cewa laifin da jama'a ke ɗora wa daji, tarihi ya fi ɗora shi ga rumbu.

Sunan "ciwon daji" kansa abin nazari ne. A tunanin gargajiya daji mazaunin iskoki ne, saboda haka gyambon da ya ƙi warkewa, ko magidancin da cikinsa ke kumbura yana ramewa, akan ce sammu ne ko shafar iska. Akwai kuma zancen nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wato allura ko wuƙar tiyata na tunzura shi. A ganinmu, abin da ya ba zancen gindin zama shi ne jinkiri: ba a kai majinyaci asibiti sai ciwo ya ci jiki, in ya rasu kuma sai a ga laifin wuƙa.

Madarunfa, kudu da Maraɗi, tana cikin yankin gyaɗa tun zamanin mulkin Faransa, lokacin da haraji ya tilasta wa talaka noman sayarwa. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA domin cinikin gyaɗa. Shekaru biyu kafin nan, a 1960, talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Bincike ya gano gubar wata fumfuna, Aspergillus flavus, aka sa mata suna aflatoksin. Fumfunar na kama gyaɗa da masara da aka adana da danshi, kuma suya ba ta kashe gubar. Turai ta kafa ƙa'idoji kan gyaɗar da ke shiga ƙasashenta. Ƙuli-ƙulin kasuwar ƙauye kuwa babu mai auna shi.

Amma gubar ba ita kaɗai ke aiki ba. A 1965 Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar cutar hanta nau'in B, sannan a 1981 binciken Palmer Beasley a Taiwan ya tabbatar da alaƙarta da sankarar hanta. A Afirka ta Yamma galibi ana ɗaukar ƙwayar tun ana jariri ko ƙaramin yaro, kuma in ta haɗu da aflatoksin haɗarin kan ninku sosai. Shi ya sa manomin da bai taɓa ɗanɗana giya ba kan mutu da ciwon da ake cewa na mashaya ne.

Rajistar sankara da aka buɗe a Yamai a 1992 ta nuna cewa ta hanta ce kan gaba a cikin maza, abin da ya rushe zaton cewa sankara ciwon Turawa ce. Sai a 2008 rigakafin nau'in B ya shiga allurar jarirai ta ƙasa. Ke nan magidantan Madarunfa na yau, kusan dukkansu, an haife su kafin wannan allura.