Firgitar Bayan Yaƙi: Daga Allon Malam Zuwa Ɗakin Gwaji

Garin Mai Wurno na Sudan, kudu da Sennar a gaɓar Shuɗin Nilu, ragowar yaƙi ne suka kafa shi. Bayan sojojin Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira zuwa gabas. Noman audugar Gezira, wanda ya kankama bayan kammala madatsar Sennar a 1925, ya ƙara tara Hausawa a ƙauyukan yankin.

A al'adar waɗannan ƙauyuka, mai zabura cikin barci ko mai yawan faɗuwar gaba wurin malam ake kai shi. A rubuta ayoyi a allo, a wanke ya sha, a ba shi laya, wani lokaci a ƙona rubutacciyar takarda ya shaƙi hayaƙin. Malaman Fallata, kamar yadda ake kiran mutanen waɗannan ƙauyuka, sun yi suna da wannan aiki har cikin Larabawan Sudan. Tijani al-Mahi, likitan taɓin hankali da ya buɗe asibiti a Khartoum Bahri a 1949, bai raina masu maganin gargajiya ba. Haɗa kai ya yi da su, kuma hakan dabara ce, domin su mara lafiya ke fara nufa.

Neman alamar cutar firgitar bayan yaƙi a cikin jiki kuwa daga Amurka ya taso, kan tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam. A 1980 likitoci suka ba ta suna a hukumance. A 1986 John Mason ya gano ƙarancin sinadarin kotizol a fitsarin masu ita, abin da ya ba da mamaki, tunda sinadarin tashi yake yi lokacin tsoro. A 1995 Douglas Bremner ya nuna a hoton ƙwaƙwalwa cewa sashen da ke riƙe tunani, hifokamfas, ya fi ƙanƙanta a wurinsu. Sai binciken tagwaye na 2002 ya dagula lissafi: ɗan'uwan da bai je yaƙi ba shi ma nasa ƙarami ne, wato mai yiwuwa ƙanƙantar ta riga yaƙin.

Har yau babu gwajin jinin da ke tabbatar da cutar; da tambaya da sauraro likita ke gane ta. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ya ci Wad Madani, babban birnin Gezira, a Disamba, ya rufe asibitoci da dama a Gezira daidai lokacin da masu firgita suka ƙaru.