Idon kyamara a ƙasar Damargu

A Janairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Damargu ba tare da kyamara ba. Da hannu yake zana abin da ya gani. A 1899 ayarin Foureau da Lamy ya ratsa ƙasar zuwa Zinder, da bindiga da kyamara a tare, hotunan kuwa suka fito cikin littafin Foureau a 1902. A 1922 Angus Buchanan ya biyo daga Kano da mai ɗaukar majigi. Duk baƙi ne, su ke zaɓen inda za su tsaya.

Tazarar nan ita ce batun gilashin kyamara. Dogon gilashi, mai milimita 200 ko 300, yana jawo nesa kusa: ana iya ɗaukar makiyayi a bakin rijiya ba sallama, bai ma sani ba. Mai milimita 50, irin wanda kyamarar Leica ta fito da shi a 1925, yana gani kusan yadda ido ke gani, don haka dole mai shi ya matso, ya gaisa, ya nemi izini.

Shi nake nuna wa ɗalibaina masu sha'awar sana'ar. Yana da araha, ba nauyi, yana wadatuwa da ɗan hasken ɗaki. Ga shi ba ya miƙewa ya koma, balle ya zuƙi ƙurar hunturu, wadda a kasuwar Tanut ba ta raga wa na'ura.