Daga Gindin Ginshiƙi Zuwa Tsangaya: Yadda Aka Sake Fasalin Jami'ar Azhar

Duk wanda ya ji an ambaci Azhar ta birnin Alƙahira, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne malamai masu rawani. To amma a yau jami'ar tana yaye likitoci da injiniyoyi. Yaya aka yi aka zo nan, kuma me aka biya?

Fatimawa ne suka gina masallacin, aka buɗe shi a shekarar 972. Ɗaruruwan shekaru karatu a cikinsa bai san aji ko jarrabawa ba. Malami zai jingina da ginshiƙinsa, almajirai su kewaye shi, a ɗauki littafi guda a bi shi har ƙarshe, sannan malamin ya ba da ijaza ga wanda ya gamsu da shi. Ɗalibai kuwa an raba su ne bisa ƙasashensu, kowace jama'a da masaukinta da ake kira ruwaƙi. Har mutanen Barno suna da nasu. Marubucin nan Ɗaha Husaini, wanda ya shiga Azhar a 1902, ya siffanta wannan zama a littafinsa Al-Ayyam, kuma bai ɓoye gundurar da ta kai shi ga komawa sabuwar Jami'ar Masar ba.

Gyara ya zo daki-daki. A 1872 aka kafa jarrabawar shahadar Alimiyya. A 1930 doka ta karkasa karatu mai zurfi zuwa tsangayoyi uku: Usuluddini, Shari'a da Harshen Larabci. Daga nan ɗalibi ya daina zaɓen malami, ya koma zaɓen fanni.

Babban sauyi ya auku a 1961, zamanin Shugaba Jamal Abdunnasir, lokacin da Shaihu Mahmud Shaltut ke shugabancin Azhar. Doka mai lamba 103 ta buɗe ƙofar sababbin tsangayoyi, irin su likitanci, injiniyanci, aikin gona da kasuwanci, sannan a 1962 aka buɗe kwalejin mata. Hujjar gwamnati ita ce, wanda ya gama Azhar ba ya samun aiki sai limanci ko koyarwa, alhali takwaransa na jami'ar boko ya cika ma'aikatu.

Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai ba kyauta aka ba da gyaran ba. Dokar ta rushe Majalisar Manyan Malamai, ta sa naɗin Shaihun Azhar a hannun shugaban ƙasa. Da ma gwamnati ta riga ta karɓe kula da dukiyar waƙafi wadda Azhar ke ci da ita, don haka albashin malamai ya koma baitulmalin hukuma. Mai ba ka abinci kuwa, da wuya ka ɗaga masa murya. Sai a 2012 aka farfaɗo da majalisar, aka ba ta ikon zaɓen Shaihu.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, in muka ji wata jami'a ta ƙirƙiro sababbin makarantu, kada sababbin sunaye su ɗauke mana hankali. Mu tambaya: wa zai naɗa shugabanninsu, wa zai biya malamansu, kuma wane fanni ne zai koma ɗan rakiya? Azhar ta sami asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje sakamakon gyaran 1961, amma sai da ta yi shekara 51 kafin ta sake samun ta cewa kan wanda zai shugabance ta.